Ruwan Kwata Ya Kai Ni Ƙasar Sin

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kasuwa, har a wajen zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Sarkin Lambu, wai da gaske ne suna cin kwaɗi?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura kowa abin dariyar yake ɗauka ya tafi da shi, ya bar mini sauran. To yau zan faɗe shi daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Da farko dai ba kasuwanci ne ya kai ni ba. Ruwan kwata ne.

Garinmu a bakin rafi yake, amma rafin suna ne kawai. Da damina yakan kawo ruwa na ɗan lokaci, daga nan sai yashi har wata shekarar. Muna yara rami muke tonawa a cikin yashin, mu zauna jiran ruwa ya tsatso. Da aka kawo mana kwalta, aka mai da garin hedkwatar ƙaramar hukuma, aka gina kwaleji, sai mutane suka yi ta zuwa. Gonakin da na sani suka zama unguwanni. Ruwan wanka da na wanki da na mayanka da na masu wankin mota duk ya gangaro ya haɗu wuri guda, ya faɗa cikin rafin. Baƙi ne, yana wari, amma ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Daidai inda yake faɗawa, nan lambuna yake, da na wasu mutum shida. Da ruwan nan na noma latas da kabeji da alayyafo da albasa shekara da shekaru. Da shi na yi gini, da shi na sa 'ya'yana a makaranta.

Babbar 'yata sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwale nake kiranta. Ita ce ta yi karatu har ta zama injiniyar ruwa, ta dawo tana aiki da hukumar jiha. Ita kuma aka ba aikin tsara wurin tace ruwan kwatar garinmu: manyan tafkuna jere da juna, ruwa ya shiga na farko baƙi ƙirin, ya kwanta, ya wuce na gaba, har ya fito a ƙarshe da tsabta. Ranar da aka kafa zanen a sakatariya na je na gani da idona. Tafkin farko a kan lambuna aka zana shi.

Ban yi mata faɗa ba. Na dai daina zuwa gidanta, in ta zo gaishe ni kuma na amsa a taƙaice, na ɗauki butata na fita. 'Yan'uwana masu lambu kuwa suka ce ba za su yarda ba. Wasu na tsoron ƙasarsu, wasu na tsoron in an tace ruwan a karkatar da shi wani wuri, wasu suka ce ruwa mai tsabta ba shi da ƙarfi, dattin nan shi ne takin. Da rigima ta yi yawa sai hukuma ta ce, tunda za a je Sin sayen injinan tura ruwa da bututu, a tafi da mutum ɗaya daga cikinmu ya ga irin wurin da idonsa, abin da ya dawo ya faɗa shi ke nan. Aka ce ni. Na ce a sake wani. Suka ce, "Ai kai ne ba za ka ji nauyin injiniyar ba."

Mu uku ne a tafiyar: ni, da Uwale, da Malam Ɗanjuma, sakataren kwamitin aikin, mutum mai fara'a da son surutu. Kafin damina muka fara zuwa Abuja neman biza, aka ce mu dakata, ƙasar ta shagala da shirin wasannin Olamfik, ba kowa ake bari ya shiga ba. Na dawo gida ina murna a ɓoye, na ce Allah ya raba ni da tafiyar. Ashe da saura. Bayan ƙaramar Sallah, ina tsaka da yafa irin latas, sai ga Uwale da fasfo a hannu.

Maiɗakina ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya yaƙi: kilishi, goro, yaji, garin kunu, da man kaɗanya saboda ƙafafuna. Duk mai lambu a rafin nan ya san ciwon: ƙaiƙayi, tsagewa, wani lokaci har gyambo. Mu ba mu ɗauke shi ciwo ba, shaidar sana'a muka ɗauke shi.

Mota ta kai mu Kano, jirgi ya kai mu Legas, wani ya kai mu Adis Ababa, daga nan sai doguwar tafiyar. Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Da ya fara gudu a ƙasa na damƙi hannun kujera da ƙarfi, ashe hannun Uwale na damƙa. Ban saki ba sai da muka daidaita a sama. Bayan haka kowa ya koma kallon gabansa.

Birnin sunansa Guangzhou, 'yan kasuwarmu Gwanzu suke cewa. A filin jirginsu muka yi layi har ƙafata ta yi tsami. Ma'aikacin ya dubi fasfo, ya dube ni, ya sa na cire hula, ya sake dubawa, sannan ya buga hatimi. Na ce alhamdulillahi an gama. Muna tura kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga, ya zo ya zauna kusa da jakata kamar mun saba. Na ja da baya ina tattare rigata. Wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, ta zaro kilishin, ta ɗaga shi a haske kamar mai duba fata a kasuwa. Uwale ta yi mata bayani da Turanci cewa nama ne. Shi ke nan, ya tafi. Ta koma kan goro, ta tambaya ko na shuka ne. Na ɗauki ɗaya na gutsura don ta gani, na miƙa mata ragowar. Ta yi dariya ta girgiza kai, shi ma ya tafi. Yaji ne kaɗai ya ƙwaci kansa: ta kai hanci, ta yi atishawa har hularta ta karkace, ta ɗaure shi da sauri ta mayar mini.

A waje muka tarar da mai masaukinmu, Alhaji Ilu, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe a Gwanzu yana yi wa 'yan kasuwa jagora da lodin kaya. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Barka da zuwa, Baba. Ina gajiya? Mi aka amshe maka?"

Na ce, "Kilishi."

Ya ce, "Yi haƙuri. Ni kilishin da karen ga ya ci mini tun da nike zuwa ya kai sa guda."

Mun faɗo lokacin wani babban baje-koli, otal-otal duk sun cika, sai a wata unguwa da ake kira Sanyuanli ya samar mana ɗakuna, a wani dogon bene cikin lungu. Tagar ɗakina bangon maƙwabta take kallo, kusa ƙwarai, har ina iya taɓa rigar da suka shanya. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, in ka wanke hula yau, gobe ma da danshinta. Abin da ya faranta mini rai shi ne bayan gidan, na tsuguno ne irin namu. Alhaji Ilu ya nuna mini alƙibla, ya kuma gargaɗe ni kada in fita ko ƙofar gida ba fasfo a aljihu, don tun lokacin wasannin nan 'yan sanda ba sa wasa.

Abinci kuwa, ranar farko ya kai mu wajen wasu Sinawa Musulmi masu fararen huluna. A gabanka mutum zai ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninka, ya ja, ya ninka, kafin ka ƙifta ido ya zama taliya siririya. Aka kawo ta cikin romo da tsinke biyu. Na yi ta fama, in na kamo sai ta zame ta koma, har mai shagon ya tausaya ya kawo cokali mai yatsu. Na nemi ruwan sha, aka kawo mai zafi yana tururi. Na ɗauka kuskure ne, na mayar, aka sake kawo wani mai zafin. Alhaji Ilu ya ce haka suke sha, a wajensu ruwan sanyi cuta ne. Mu da muke tara kuɗi mu sayi ƙanƙara! Daga baya ya nuna mana gidan wata Hajiya 'yar Kano da ke tuƙa tuwo a hawa na sama, ba allo ba alama, sai wanda ya sani. Nan za ka tarar da mutumin Kano da na Yamai da na Kumasi a tabarma ɗaya, kowa da irin Hausarsa. A nan na koyi 'yan kalmomi: ni hau gaisuwa ce, she-she godiya, lawban maigida, meyo kuma babu. Meyo na fi ji a garin nan.

Su Sinawa ba sa doguwar gaisuwa. Ba mai tambayar iyalinka ko gajiyarka. Amma na ga tsoho ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, saurayi ya miƙe ya ba shi kujera ba tare da ya ko kalle shi ba. Ni ma an yi mini. Na yi ta jero godiya, yaron ya rasa inda zai sa kansa.

Wata safiya muna tafiya zuwa tashar jirgin nan, muka bi ta bayan wasu dogayen benaye, sai wani wari ya doki hancina. Na tsaya cak. Warin gida ne sak. Na leƙa ta kan wata 'yar gada, ga ruwa baƙi ƙirin yana tafiya a hankali da leda a kansa.

Na ce, "Uwale, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"To ga su da benaye har sama, su ma da shi suke zaune."

Ta nuna mini gaba kaɗan, inda ma'aikata suka tona gefen titi suna binne wasu bututu da mutum zai iya shiga a tsaye. Ta ce, "Su ma sun gaji da zama da shi."

Na ce, "Su ruwa ya yi musu yawa, neman inda za su zubar suke. Mu kuwa shi ne tuwonmu."

Ta ce, "Na sani, Baba. Da shi na girma."

Tun barinmu gida, wannan ce magana mafi tsawo da ta shiga tsakaninmu.

Ranar da muka je masana'antar injinan, ni dai ɗan kallo ne. Uwale ta sa aka kwance mata inji guda a gabanta, tana tambaya: in yashi da leda suka shiga fa? In wuta ta ɗauke fa? In wannan ƙarfen ya ci, makanikin garinmu zai iya canza shi? Manyan mutane da furfura suna ta kai da kawo, suna kawo mata takardu. Na tuna yarinyar da ke bina lambu da kwano a ka, na kau da kai don kada a ga fuskata. Tsayuwa da danshin garin suka tayar mini da ciwon ƙafa, har Malam Ɗanjuma ya lura ina ɗingishi, ya ce mu riga su komawa masauki.

A cikin tasi, cunkoso ya tsayar da mu. Malam Ɗanjuma ya juyo ya ce, "Sarkin Lambu, akwai maganar da aka ce kada in gaya maka, amma cikina ba ya riƙe magana. Yarinyar nan ba irin juyin da ba ta yi da zanen nan ba don ta kauce wa lambunka. Ta kai shi gabas, tudu ne, sai an yi ta tura ruwa da inji ba hutu, ka kuwa san wutarmu. Ta kai shi tsallaken rafi, maƙabarta ce. Da kanta ta yi ta awo cikin rana. Ruwa ya ƙi. Inda kake nan ne gangaren garin duka. Ranar da ta kawo zanen ƙarshe ta roƙi ogansu ya cire ta daga aikin. Ya ce to, za a ba wani. Ta kai bakin ƙofa ta dawo, ta ce a bar mata, wani ba zai tuna da masu lambu ba."

Na ce, "Me ya hana ta gaya mini?"

"Ta ce kada ka ɗauka tausayi take nema. Wai in za ka yarda, ka yarda don ka gani."

Na mai da idona kan titi har muka isa.

Washegari kamfanin ya tura mu wani ƙaramin gari a bayan birni, inda suka yi irin aikin. Wata mace mai suna Madam Lin ce ta zagaya da mu. Mun fara da inda ruwan ke shigowa, akwai ragar ƙarfe da ke tare leda da tsumma, har takalmi na gani. Daga nan tafki zuwa tafki, warin na raguwa, launin na washewa. A ƙarshe ya fito ta wata 'yar magudana, ina hango ƙasanta, ga ƙananan kifaye suna wasa. Na ɗiba a tafin hannu na shinshina. Ba na sha ba ne, in ji Madam Lin, amma na ban-ruwa ne. Suka nuna mini laƙar da ake kwashewa daga ƙasan tafkin a shanya. Na murza ta a hannu, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko take yi. Uwale ta ce in aka gwada tamu aka ga ba guba, taki ce. Wato ƙarfin da 'yan'uwana ke tsoron ya ɓace ba ɓacewa yake ba, ware shi ake yi gefe.

Duk wannan na gani, na kuma yarda aiki ne mai kyau. Amma zuciyata ba ta motsa ba. Ana ta bayanin injina sai na hango wani siririn fili a jikin katanga, kore shar. Na zame na nufi can.

Ganye ne iri-iri, an jera kunyoyin kamar da zare. Wani tsoho na ba su ruwa, ba takalmi, ya naɗe wando har gwiwa, da sanda a kafaɗa da bokiti biyu rataye. Na ce masa ni hau. Ya gyaɗa kai. Sai idona ya sauka kan ƙafafunsa. Tabo ne baƙi-baƙi tun daga idon sawu har ƙwauri, tsofaffi, sun warke. Na san su. Na sunkuya na ɗaga wandona na nuna masa nawa. Ya ajiye bokitan, ya duƙa ya duba sosai, ya ɗago ya kalle ni, sai ya fashe da dariya, bakinsa ba haƙora sai 'yan kaɗan. Ya ɗora mini sandar a kafaɗa. Na yi taku kaɗan, bokitan suka yi ta lilo, na jiƙa babbar rigata har ciki. Muka yi ta dariya kamar yara.

A haka Uwale da Madam Lin suka same mu. Na ce a tambaye shi labarinsa. Sai magana ta zama ta bi-da-bi: tsohon ya faɗa da yarensu, Madam Lin ta juya da Turanci, Uwale ta juya mini da Hausa. Don haka duk abin da ya faɗa, daga bakin 'yata na ji shi.

Ta ce, "Wai nan inda tafkunan suke, lambunsa ne da kududdufin kifinsa, gadon ubansa. Da gari ya girma ruwan ya yi baƙi, kifin ya mutu, ya ci gaba da ganye. Sai aka zo za a yi wannan aikin. An biya shi, an ba shi gida a bene, bai ce an cuce shi ba. Wai jikokinsa sun daina yawan gudawa."

Tsohon ya ci gaba, yana nuna hannuwansa. Madam Lin ta juya da Turanci. Uwale ta buɗe baki ta rufe.

Na ce, "Me ya ce?"

"Wai shekarar farko, kullum da asuba sai ya tashi ya sa kayan aiki. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Wai bai san..." Ta juya mana baya tana gyara mayafi.

Na ce, "Ƙarasa, Uwale."

"Wai bai san inda zai ajiye hannuwansa ba."

Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya tambayi Madam Lin wani abu. Ta ba shi amsa. Ina jin ta gaya masa ko wace ce Uwale a wajena, da abin da ya kawo mu, don ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce daga baya kullum sai ya zo ya tsaya a jikin katangar nan, har shugaban wurin ya gaji da ganinsa ya ba shi wannan ɗan filin.

Na ce a tambaye shi, in da za a sake, zai yarda? Ya yi tunani, ba gaggawa. Ya ce zai yarda. Amma kafin a tona, zai ce a fara nuna masa inda zai shuka. In an riga an fara tono kowa ya shagala, ba mai jin ka. Da za mu tafi ya yanko ganye dami guda ya cusa mini a hannu. Na laluba aljihu, ba goro, ba komai. Na cire hulata na ɗora masa. Ta yi masa yawa, ta rufe masa kunne, ya tsaya a haka yana ɗaga mana hannu.

Ganyen nan Hajiya 'yar Kano ta yi mana miya da shi. Bayan la'asar ina zaune a bakin gado sai aka ƙwanƙwasa. Uwale ce da roba cike da ruwan ɗumi, da wani man shafawa da Alhaji Ilu ya raka ta ta saya.

"Baba, miƙo ƙafar."

"Ajiye, zan yi da kaina."

"Tun ina firamare nake yi, yau ne za ka hana ni?"

Na miƙa. Ta durƙusa tana wankewa da tsumma a hankali, kanta a sunkuye. Can ta ce, "Ina yarinya na ɗauka ƙafar kowane uba haka take. Sai wata rana na ga baban ƙawata, wani tela, yana alwala. Ƙafarsa sumul. Na dawo gida na shiga bayan ɗaki na yi ta kuka, Inna ta yi ta tambaya na kasa faɗa." Ta matse tsumman. "Ba raina ruwan da ya ciyar da ni na yi ba, Baba."

Na ce, "Na sani."

Na bar ta ta gama ƙafa ɗaya, sannan na ce, "Filin nan na garinmu da ke ƙasa da gadar rafi, na hukuma ne?"

"Na hukuma ne."

"Ruwan in ya fito zai kai can?"

"Ta nan zai fara bi. Na nemi a ba ku shi, an ce sai an gama aiki."

"A'a. Kafin a fara."

Ta ɗago ta kalle ni, karon farko tun da ta shigo. "Ni ma'aikaciyarsu ce, Baba, iyakata in roƙa. Amma in kai ka faɗa a gaban jama'a, dole su ji."

Na ce, "To shafa man, ruwan ya huce."

Kafin mu taho Alhaji Ilu ya kai mu Huangpu, tashar jiragen ruwa, mu ga an loda injinanmu. Kwantena kan kwantena kamar unguwanni, har na rasa wadda ce tamu. Malam Ɗanjuma kuwa ya yi ta sayayya a kasuwannin unguwar Liwan har jakarsa ta ƙi rufuwa, a filin jirgi aka ce ta yi nauyi, dole ya saka riguna uku a jikinsa, ya shiga jirgi yana gumi. Alhaji Ilu ya rungume ni ya ce, "Baba, in ruwan ya hito, a aiko mini da latas ko ganye guda."

Da na dawo na tara 'yan'uwana a bakin rafi na faɗa musu abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ruwan zai dawo mana, takin ma zai dawo. Na ce mu bakwai za mu rasa ƙasarmu, wannan ba makawa. Na ce sharaɗinmu ɗaya ne, ba za a kafa ko turke ba sai an yanka mana filin ƙasa da gada, kowa ya ga nasa. Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai wanda ya ce 'yata ta saye ni da tikitin jirgi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Hukuma ma ta yi ta jan ƙafa, muka yi ta sintiri a sakatariya, mu je mu zauna a baranda mu dawo. Sai da sanyi ya kusa fita aka yanka mana. Filin ƙaya ce da tsakuwa, ba ko bishiyar da mutum zai fake. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ana tonon tafkunan, tsabtataccen ruwan ban gan shi a garinmu ba tukuna. Muna dai share ƙaya muna jira.

Ranar da za a kafa turakun awo, na riga kowa zuwa lambun, na cire sauran albasata. Uwale ta zo da ma'aikatanta da igiyar awo. Suka ja, suka auna, turken farko ya faɗo gindin wata gwaiba da na dasa shekarar da aka haife ta. Lebura ya ɗaga guduma, ya dube ni, ya sauke. Wani ma ya ƙi karɓa. Uwale ta tsuguna ta riƙe turken da kanta, ta ce a buga.

Na ajiye kwandon albasa, na je na karɓi gudumar.

Na ce, "Riƙe da kyau, Injiniya, kada in buge miki hannu."

Ta yi dariya, hawaye na zuba a kan hannun nata. Na yi bismillah na buga. Ƙasar da taushi, ni na san ta. Ba ta yi mana gardama ba.